Sai Obura Ya Kafa Gida

Ahero, Disamba 1998

Zuwa ga Yaya Obura, Baban Ogola,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fata kuna lafiya, ku da Yaya Akumu da Ogola, da kuma aikin tashar jiragen ruwa. Mu nan lafiya, sai Mama da ƙafarta, in sanyi ya shigo sai an ɗaga ta. Ni ce Apondi, matar ƙaninku Oyugi. Na san ba ni ya kamata in rubuto ba, amma kun san ƙaninku. Ya zauna da biro da takarda tun shayin safe har kaji suka shiga akurki, abin da ya rubuta bai wuce "Yayana" ba. Shi ya sa na karɓe biron.

Ambaliyar da kuka ji a rediyo, mu a cikinta muka kwana. Kogin Nyando ya shigo har kan gadonmu. Har yau a simba muke, ɗakin da Oyugi ya gina yana saurayi a cikin gidan marigayi Baba, kuma bangon gabas ya narke kamar sabulu. Da buhunan shinkafa muka toshe shi. 'Yarmu Awiti ta girma, ba za ta kwana ɗaki ɗaya da ubanta ba, tana madafar Mama ita da akuya. Ƙaninta Odero kuwa tun daga lokacin tari bai sake shi ba.

Da ruwa ya janye sai gwamnati ta buɗe asusun gina gidaje saboda irinmu. Ba kyauta ba ce, kuma ba sa damƙa wa kowa kuɗi a hannu, sun san halin mazanmu. Siminti suke bayarwa da katako da kwanon rufi, na ɗaki biyu a kan tushe mai tsayi wanda ruwa ba zai hau ba. Mutum ya riƙa biya kaɗan-kaɗan duk wata, abin da ya biya da shi ake sayo wa na bayansa siminti. Kamar adashe ne, sai dai gwamnati ce ta yi zubin farko. Muka haɗa ƙungiya, yawancinmu matan da muke dashen shinkafa tare, duk Asabar mu taru mu yi wa wadda layi ya zo kanta aiki. Babu gidan da aka gina a ƙungiyar nan da ban ɗauki yashinsa a kaina ba. Yanzu layi ya zo kaina.

Jami'in asusun, Mista Ojwang, zai zo ƙarshen Fabrairu ya ga an haƙa tushe a filinmu. In ya gani, mota ta kawo kaya kafin damina ta tare hanya. In bai gani ba, sunana ya koma ƙarshen layi. Layin nan kuwa, Yaya, wadda ke ƙarshensa sai jikokinta ne za su taya ta tarewa.

Sauran kun san shi. Ƙani ba ya fita daga gidan uba ya kafa nasa kafin yayansa ya fita. Mama ta ce ranar da Oyugi ya sari ƙasa kafin ku, chira, ciwon nan na wanda ya karya al'ada, za ta shigo, da 'ya'yana za ta fara, su yi ta ramewa har su bushe. Baba Ondiek, ƙanin marigayi Baba, ya ce haka ne, kuma ba zai ɗaure wa Oyugi ciyawar alamar sabon gida a fili ba sai ya ɗaure muku. Na kai kukana wurin Mista Ojwang. Ya cire tabarau ya ce, "Mama, ni ma sai da na jira yayana. Amma asusu ba shi da yaya."

Ba babban gida nake roƙo ku gina ba. Ɗaki ɗaya na laka a filinku na gindin mangwaro ya isa. Ku zo ku riƙe adda, Ogola ya ɗauki gatari da zakara, Yaya Akumu ta hura wuta, ku kwana a ciki dare ɗaya, washegari ku koma aikinku. Itace da laka da masu aiki duk a kaina. Zakaran ma na tanada, ja ne, ya fi mijina cin tsaki.

Mama tana gaishe ku, kullum tana tambaya ko bas ɗin Mombasa ya daina biyowa ta nan. Allah ya tsare.

Matar ƙaninku,
Apondi

Mombasa, Janairu 1999

Zuwa ga Uwargida Apondi Oyugi,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace, ina sanar da ke cewa takardarki ta iso hannuna, kuma na karanta ta da natsuwa duk da yawan ayyukan ofis. Ban ɓoye miki ba, na yi mamakin ganin maganar kafa gida ta fito daga hannun mace alhali mijinta yana raye. A gaya wa Oyugi na lura da wannan.

Game da buƙatarki, halin da ake ciki bai ba da dama ba. Jirage sun yi layi a bakin teku, kuma shugabanni ba sa iya sakina ko na yini ɗaya. Bayan haka, mutum mai matsayi irin nawa ba zai dawo gida bayan shekaru masu yawa a birni ya kafa bukkar laka ba. Me mutanen Ahero za su ce? Zanen gidana yana hannun masu zane, na dutse ne, da baranda ta gaba da ta baya. Idan komai ya tafi daidai, nan da shekara biyu ko uku za a fara.

Ina kuma ba ku shawara ku yi hattara da bashin gwamnati. Na ga mutane da yawa a nan da aka ɗaga musu rufi suna zaune a ƙarƙashinsa.

Iyalina suna cikin ƙoshin lafiya kuma suna gaisuwa. Na haɗo da ɗan abin sayen sukari ga Mama.

Naku da mutuntawa,
J. Obura Nyamwanda

Ahero, Janairu 1999

Yaya Obura,

Ina gaisuwa, don an koya mini gaisuwa a gidanmu. Takardarka mai bugun keken rubutu ta zo. Na girgiza ambulan na leƙa cikinta, har Awiti ta ɗaga ta a rana, ba mu ga abin sayen sukarin ba. Na sayo sukarin da kuɗin dashena na ce wa Mama kai ka aiko. Ta rungume shi ta hana kowa taɓawa.

Ka ce me mutanen Ahero za su ce. Bari in faɗa maka abin da suke cewa yanzu. Cewa suke babban ɗan Nyamwanda bai zo ba ko da ruwa ya ci gidan ubansa. Cewa suke ƙaninsa mai furfura a gemu har yau yana ɗakin samartaka da mata da 'ya'ya. A wurin aikin Asabar Maman Ochola, shugabar ƙungiyarmu, ta kira ni da sunan garinmu a gaban kowa ta ce, "'Yar Seme, in ba ki shirya ba ki matsa, akwai masu shiri a bayanki. Siminti ba ya jiran baranda." Aka yi dariya, ni ma na yi, na dawo gida na yi kukana a bayan rumbu.

Rufin da ka ce ana ɗagawa, ni ban gani ba. Abin da na gani shi ne gwauruwar da ke sayar da ƙananan kifin omena a kasuwa ta biya nata wata-wata, da kuɗin kifinta aka rufa wa wadda ke bin ta. Ba wadda ta taɓa fashi, don kowa ta san fuskar wadda ke jira.

Na ce wa Oyugi mu haƙa kawai, abin da zai faru ya faru. Ya zauna ya riƙe kai ya ce, "Apondi, in Odero ya kwanta bayan nan, da wane ido zan kalli Mama? Da wane ido zan kalle ki?" Ni mai zuwa coci ce, na sha cewa ban yarda da chira ba. Amma da na ji yaron yana tari sai na kasa ɗaukar fartanyar.

Na koma wurin Baba Ondiek na ce babu wata hanya? Ya ce hanya biyu ce tun kakanni. Ko babba ya fita da ƙafarsa ya kafa gida, ko kuma ranar da aka kawo shi a akwati a kafa masa bukka kafin a binne shi, daga nan ƙani ya sami hanya. To, Yaya, ka zaɓi ɗaya ka sanar da mu, don mu san irin abincin da za mu dafa.

Apondi

Ahero, Janairu 1999

Zuwa ga Yaya Akumu, 'yar Alego,

Faccalata, gaisuwa da kewa. Ya Ogola? Na san yanzu ya zama namiji sosai. Sau biyu ina rubuta miki ta adireshin Mombasa, shiru. Ranar Lahadi wata 'yar cocinmu da ke aiki a gonakin furanni na Naivasha ta zo hutu, ta rantse mini ke ce ke yankan fure a rumfa ta kusa da tasu, kuma kin daɗe a can. Na ce ƙarya take, ke kina Mombasa a gidan babban ma'aikaci. Ta ce to akwai mai tabonki a gira da dariyarki. Ita ce za ta miƙa miki wannan.

Ban san me ke faruwa ba, kuma ba gulma ce ta kawo ni ba. Layin siminti na asusun gidaje ya zo kaina, in ba a haƙa tushe kafin ƙarshen Fabrairu ba ya wuce ni. Ba za mu iya haƙawa ba sai Yaya Obura ya kafa nasa, shi kuma ba zai kafa ba sai da ke, don ke ce mai hura wutar farko. Na roƙe shi ya ƙi, na zage shi ya yi shiru.

Kin tuna shekarar da aka kawo ni gidan nan, da na ƙona ugali, tuwon masararmu, ranar farko, kika juye naki a tukunyata kika ce wa Mama ke kika ƙona? Yau ma tukunyata ce a wuta. Ki faɗa mini gaskiya, ko wace iri ce.

Ƙanwarki,
Apondi

Naivasha, Fabrairu 1999

'Yar Seme,

Na gaishe ki, na gaida Oyugi da yara. Ki gaida Mama, amma kada ki ce daga Naivasha. Ogola yana lafiya, yana koyon gyaran mota a nan garin.

Kin nemi gaskiya, ga ta. Na bar Obura tun Ogola yana firamare. Ba ma'aikacin ofis ba ne, bai taɓa zama ba. Dako yake a tashar jirage, da aka rage mutane aka haɗa da shi. Daga nan ya koma tura amalanke da rana, shan giyar chang'aa da yamma, dukana da dare. Tabon girar da kika sani na faɗuwa ne tun ina yarinya, amma akwai wasu da ba ki sani ba. Takardun da yake aiko muku, akwai wani tsoho mai keken rubutu a bakin gidan waya, shi ke buga masa. Barandar ma ina jin ta tsohon ce.

Ban faɗa wa kowa a gida ba saboda shi ya roƙe ni, ni ma kuma kunya nake ji. Shanun aurena ba a mayar ba, don haka a wurin tsofaffi har gobe ni matarsa ce.

Na kwana biyu ina juya maganarki. Kin san abin da kike roƙona? Ba wuta kaɗai ba ce. In na shiga ɗakin nan na kwana, na zama matar gidan a idon kowa, kuma da mutumin da na gudu daga hannunsa zan rufe ƙofa. Da farko na ce Allah ya kiyaye, Apondi ta nemi wata ta ƙona mata ugali.

Sai Ogola ya ga takardar. Da muka gama cin abinci ya ce, "Mama, ni a ina zan gina simbata? A gareji?" Akwai yarinyar da yake so. Ni ma akwai abin da ban taɓa faɗa da baki ba. Watan jiya wata 'yar Siaya ta mutu a rumfarmu, ita ma ta bar miji. Dangin miji suka ƙi gawar, danginta suka binne ta a bayan shinge kamar baƙuwa. Mu muka yi karo-karon mota, na ga wurin da idona. Tun ranar ba na barci sosai.

Saboda haka zan zo, dare ɗaya, don ɗana da don kaina, ke kuma ki ci albarkacinmu. Amma ba zan roƙe shi ba. In ya zo da ƙafarsa, zai same ni da tukunya. In bai zo ba, kada ki ƙara rubuto mini wannan magana.

Akumu

Mombasa, Fabrairu

Apondi,

Wannan hannuna ne, ki yi haƙuri da rubutun. Ba ni da na ba mai keke.

Kin ce in zaɓa. Ba ni na zaɓa ba, an riga an zaɓa mini. Na je asibiti tun kafin Kirsimeti, likita ya faɗa mini abin da ya faɗa. Amalanken ma na mayar wa mai shi, ƙafafuna ba sa ɗauka. Ba zan zo Mama ta gan ni haka ba. Ta san ni da ƙiba da agogo, a bar ta da wannan.

Ki roƙi mutumin asusun ya ƙara miki ɗan lokaci. Ba na jin zan kai Ista. Akwai 'yan garinmu a nan, suna da ƙungiyar kai gawa gida, ina cikinta, ita kaɗai ban taɓa fashin zubi ba. Za su kawo ni, a kafa bukkar, Oyugi ya sami hanya. Ba sai an wahalar da Akumu ba, ta wahala ya isa.

Ki ci gaba da saya wa Mama sukari da sunana. Na gode da wannan.

Obura

Ahero, Fabrairu 1999

Yaya Akumu,

Gaisuwa a gurguje, direban bas yana jira. Na sa takardar Yaya Obura a cikin wannan, ki karanta kafin ki ci gaba da tawa.

Ni na faɗa masa maganar akwati. Da bakina mai kaifi na ce ya zaɓa don mu san abin da za mu dafa. Tun da na karanta amsarsa abinci ya ƙi wuce mini. Na karanta wa Oyugi a gona don kada Mama ta ji, ya zauna a kan kunya cikin ruwa ya yi ta kuka kamar yaro.

Ban je wurin Mista Ojwang neman ƙarin lokaci ba, kuma ba zan je ba. In ce masa me? Ya jira yayan mijina ya mutu? Kullum in tashi in saurari ƙarar motar gawa kamar mai jiran motar siminti? Gidan da aka samu ta haka ba zan iya kwantar da 'ya'yana a cikinsa ba. Gara sunana ya koma ƙarshen layi, mu ƙara buhu a bangon.

Kin ce ba za ki roƙe shi ba, ban ce ki roƙe shi ba. Oyugi zai tafi Mombasa, ya sayar da akuyar. Amma kin san su biyun. In yayansa ya ɗaure fuska ya ce koma gida, Oyugi zai ce to Yaya, ya juyo. Mutum ɗaya na sani da Yaya Obura ba zai iya yi wa baranda ba. Bas ɗin yana tsayawa a Naivasha. In Oyugi ya gan ki a tasha, to. In bai gan ki ba, ba zan riƙe ki a zuciya ba, na rantse.

Ko an haƙa tushena ko ba a haƙa ba, kada mutumin nan ya mutu a ɗakin haya.

Apondi

Mombasa, Fabrairu 1999

'Yar Seme,

Mun iso, mun same shi. Wani ɗan Ahero zai riga mu tasowa, shi zai kawo miki wannan.

Ɗakin ba zan kwatanta miki ba. Yana kwance a kan kwali. Da na shiga ban gane shi ba sai da ya yi magana. Hannun da nake tsoro yanzu yatsuna biyu sun zagaye shi. Na zo da maganganu cike da bakina, na shekara da shekaru ina tara su, ban sami wanda zan faɗa wa ba.

Ya ga Oyugi ya fara, "Wa ya ba ka izinin barin gona?" Oyugi ya fara sosa kai. Na ce, "Obura, rufe mini baki ka tashi. Ka sa na kwashe kayana na bar Mombasa, ba za ka sa in ɗauki gawarka ba. Da ƙafarka za ka je." Ya ce Mama fa? Na ce Mama ta haife ka tsirara ba agogo. Ya juya fuska bango. Can ya ce wa Ogola, wanda bai gani ba tun yana ƙarami, "Kai ne za ka ɗauki gatarin?" Ogola ya ce, "In ka tashi."

Ki shirya Mama, ki faɗa mata komai kafin mu iso. Ki faɗa wa Baba Ondiek ya nemo ciyawarsa. Ki tanadi itace da laka. Za mu taso da zarar ya iya zama a kujerar mota.

Akumu

Ahero, Maris 1999

Yaya Akumu, Maman Ogola,

Gaisuwa da godiyar da ban san yadda zan rubuta ta ba. Kin tafi da sassafe don kada a kore ki a aiki, ko shayi ba ki tsaya sha ba, ba mu sami zama ba. Bari in ba ki labarin abin da ba ki gani ba.

Ranar kafa gidan, lokacin da kuka fita ƙofar gidan Baba, ina laɓe bayan shingen aguwa tare da Mama. Kin san keken da Oyugi ya kawo don a ɗora Yaya Obura, ya ƙi hawa. Yana gaba da adda yana jan ƙafa, Ogola da gatari da jan zakaran, ke da tukunya a ka. Mama ta damƙe hannuna har sai da ya yi shati. Duk taku ɗaya sai ta ce, "Ɗaya kuma, ɗana, ɗaya kuma." Da ya kai gindin mangwaro ya ɗaga addar ya sari ƙasa sau ɗaya ya durƙushe, na ji Baba Ondiek ya ce, "Ya isa, ƙasa ta ji." Mama ta sake ni ta ce, "Ya fita." Ta koma ta zauna a ƙofar ɗakinta.

Kin ga matan ƙungiya sun zo, amma ba ki san yadda aka yi ba. Ba Asabar ba ce, kuma ɗakin nan ba ya cikin lissafin asusu. Na je wurin Maman Ochola, ta ce, "Kin gani, 'yar Seme, surutu ya ishe ni. Gida nawa kika ɗaukar wa yashi?" Ta bi gida-gida da kanta. Kwanon da aka rufa muku, guntayen da suka rage ne daga kowane gida da muka gina, shi ya sa wani dogo wani gajere. Da aka gama ta tsaya ta kalli rufin ta ce, "To ga barandar Mombasa." Yaya Obura yana kan kujera ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Da zakaran ya yi cara washegari, Oyugi ya riga ni farkawa. Kina hawa bas muna tafiya namu filin, Baba Ondiek ya ɗaure mana ciyawa, Odero ya ɗauki gatarin da ya kusa fin shi tsayi. Muka kafa 'yar rumfar da muke kwana a ciki yanzu, muka ja igiya muka fara haƙa. Yaya Obura ya sa aka fito masa da kujera ƙofar ɗakinsa yana hango mu ta saman shinge. "Oyugi! Layin nan ya karkace kamar ƙafar Baba Ondiek!" Oyugi ya ce to Yaya, ya warware igiyar ya sake ja, alhali daidai take.

Mista Ojwang ya zo ranar da ya ce. Ya zagaya ramin, ya sa sanda ya auna zurfi, ya ɗaga kai ya ga sabon ɗaki mai rufin faci-faci da hayaƙi yana tashi. Ya ce, "Yayan ya fita ke nan?" Na ce ya fita. Ya cire hula ya je ya gaida shi kafin ya sa hannu. Motar siminti ta zo makon jiya, bango ya kai ƙugu.

Bisa al'ada Mama ba za ta kwana a gidan ɗanta ba, amma kullum da safe ana kai ta, ta zauna tana ba shi kunu da cokali tana yi masa faɗa. Jikin nasa dai ga shi nan. Ma'aikaciyar jinya ta ce a kai shi asibitin Kisumu, Oyugi zai kai shi.

Ban tambaye ki yadda kuka kwana ba, kuma ba zan tambaya ba. Shi ne ya ce mini da kansa, "'Yar Alego ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofa, ta tashi sau biyu ta ba ni ruwa." Bai ƙara komai a kai ba.

Abu na ƙarshe, kada ki yi fushi. Na sa an rubuta sunanki a ƙungiya, a ƙarshen layi. Kina da fili da gida yanzu, kin cika sharaɗi. Layin da tsawo, amma duk wata in na biya nawa zai matso. In ba ki so, ki aiko a goge.

Ƙanwarki har kullum,
Apondi

Kisumu, Afrilu

'Yar Seme,

Ina gaisuwa. Mai gadon kusa da ni ya ce an kwana ana ruwa a Ahero. Yaya rufinki? Odero ya kwana a busasshen wuri? Ki aiko Oyugi ya faɗa mini.

Akumu ta rubuto. Layi biyu ne. Ta tambaya ko ɗakinta yana zuba, ta ce kuma kada a goge sunanta. A duba mata kusurwar yamma, guntun kwanon nan bai kai ba.

Maganar akwati ki daina kuka a kanta, Oyugi ya ce har yanzu kina yi.

Ki gaya masa, in lokaci ya yi kada a tara tsofaffi ana neman shawara. A kwantar da ni hannun dama na ƙofata, wajen mangwaron. Na riga na auna wurin da ƙafata.

A riƙa ba zakaran tsaki.

Yayanku,
Obura, mai gida